Yadda Na Hana Mai Keke Ta'aziyya

Edita, ina gaishe ka da masu karatu. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aikowa wannan shafi, yau kuma ni ce na ɗauki biro. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa.

Lokacin da abin ya faru ina 'yar sakandare a Anacha. A can aka haife ni. Ina ƙarama rikici ya tashi muka gudu Arewa, bayan an gama yaƙin basasa Baba ya kwaso mu muka dawo. Gidanmu muka tarar babu rufi, amma ya sake kama rumfarsa ta albasa da barkono a kasuwar Ose Okwodu. Ba a jima ba kuɗin mai ya shigo ƙasa, manyan motoci suka cika bakin kogi, samari daga ƙauyukan Arewa suna ta kwararowa neman dako. Ni ba ruwana da wannan hada-hada. Yarinya ce ni mai shiru, mai kunyar tsiya, in baƙo ya yi sallama sai in shige ɗaki. Komai nawa a tsare yake, littattafaina a jere, kayan makarantata a goge. Na karance tsofaffin littattafan Turanci da gara ta rage a ɗakin karatun makarantarmu, har na ɗauka babu wanda ya kai ni sanin Turawa a unguwarmu. Inna takan ce ko gobara ce ta tashi sai na kai ƙarshen shafi kafin in fito. Wannan ɗan sanin nawa shi ya raba unguwarmu da wata baiwar Allah da ta so ta zauna tare da mu.

Baturiya ce 'yar mishan, ma'aikaciyar jinya, da ta zo aikin sa kai bayan yaƙi a wani ƙaramin asibitin coci da ke gefen gari. Ta baro tsohuwar mahaifiyarta a ƙasarsu mai sanyi. Da farko yaran Ibo da yunwar yaƙi ta kassara take kula da su. Wata rana a kasuwa ta ga wani ɗan dako buhu ya cinye masa kafaɗa har ta zama gyambo, ta tsayar da shi ta wanke masa, ta tambaye shi inda yake kwana. Daga nan ta fara shigowa unguwar Hausawa ranar Talata da Alhamis da la'asar, a kan wani baƙin keke mai kwando a gaba. Mata suka sa mata Mai Keke, sunan ya bi ta har ta fara amsawa. Dattawa ba su saki jiki da ita nan da nan ba. Sarkin Hausawa ya sa aka kira ta, ya tambaye ta ƙarara ko magani ta kawo ko addini. Ta ce ita Kirista ce, don Ubangijinta take wannan aiki kuma ba za ta ɓoye ba, wanda ya tambaye ta game da addininta za ta amsa masa, amma ba za ta ɗora wa ƙwayar magani sharaɗi ba. Sarki ya ce to madalla, ta ci gaba, amma ta sani ido na kanta.

Da yake ina jin Turanci kuma ina shiga gidajen matan aure, Baba ya yarda in riƙa raka ta. A tsakar gidanmu take rataye ma'auninta a reshen gwaba, a sa jariri cikin zane a auna shi yana tsala ihu, uwarsa na dariya tana cewa an mai da ɗanta buhun albasa. 'Yan dako kuma a zaure suke jeruwa, masu gyambo da masu yankan kwalba, suna tsokanarta da guntun Turancinsu na kasuwa, wai ta yi musu allurar ƙarfi su riƙa ɗaukar buhu biyu. A bakinsu ta tsinci yawancin Hausarta, shi ya sa in ta buɗe baki sai ka ji "kai" da "haba malam" kamar yaron mota. Inna ta ce ba ta taɓa ganin Baturiya mai bakin 'yan tasha ba sai ita. In aka kira salla sai ta dakata da aiki ta naɗe hannu har a idar. Da azumi ba ta shan ruwa a gabanmu, ko da gumi ya jiƙa mata riga. In ta gama sai ta tuɓe takalmi ta zauna cin tuwo da hannu, yaji ya mai da fuskarta ja, mata na ta shewa, ita kuma tana miƙo kwano a ƙara miya.

Ranar Asabar nakan je gidanta aron littafi. Ɗaki biyu ne da baranda a bayan asibitin, da ɗan lambun tumatir da kullum take faɗa da awaki a kansa. Nakan same ta tana dafa bandeji a tukunya tana shanyawa a igiya, ko tana ɗinke rigar da ta riga ta sha ɗinki. Tana da kuku, wata dattijuwa Ibo da yaƙi ya ci 'ya'yanta maza biyu, muna ce mata Mama. A kan tebur akwai Littafinta mai tsarki da hoton mahaifiyarta cikin wata rigar sanyi mai kauri. Ba ma yawan magana ni da ita. Takan ba ni shayi, in zauna ina karatu tana aikinta, kuma ban taɓa jin na takura ba. A duniya ita kaɗai ce ba ta taɓa tambayata dalilin shiruna ba.

Da kakata ta rasu, Mai Keke ta zo ba wanda ya kira ta. Ta ɗaura ɗankwali, ta tuɓe takalmi, ta shiga cikin mata ta miƙe ƙafa kusa da Inna, kuma kullum sai ta zo har aka yi sadakar uku. Bayan nan ta tsare ni da tambayoyi. Wa yake kawo tabarmi? Wa yake sanar da mutane? Wanda aka yi wa rasuwa yana aika gayyata ne? Na amsa mata dalla-dalla kamar ina rubuta jarrabawa. Na ce ba a gayyata, duk wanda ya ji sai ya faɗa wa na gaba, shi wanda aka yi wa rashi nasa kawai ya zauna a gida, mutane su za su same shi. Na ɗauka son sanin al'ada ne irin nasu na Turawa.

A wannan shekarar wa'adin aikinta yake ƙarewa, cocinsu ya tambaye ta ko za ta ƙara ko za ta koma gida. Ta faɗa wa Inna. Inna ta ce babu inda za ta, in ma miji ne matsalar za a samo mata Alhaji mai tirela a cikin 'yan albasa, a kai ta da gara. Ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta ce zuciyarta ta fi karkata ga zama, mahaifiyarta ce kaɗai ke jan ta can, amma a nan ta ga kamar ta sami dangi. Duk unguwa aka sa rai za ta zauna, ni kuwa na fi kowa sa rai, ko da yake ban taɓa faɗa ba.

Wata Asabar na je mayar da littafi na same ta zaune a baranda, takardar wayar tangarahu a hannunta, idanunta sun yi ja. Ta ce mahaifiyarta ta rasu, kuma za a binne ta kafin ta iya isa. Ta ce wannan makon ba za ta shigo unguwa ba, tana nan gida. Ba ta ce in faɗa ba, ba ta ce kar in faɗa ba, domin ni da bakina na koya mata cewa ba a cewa. Na yi mata gajeriyar gaisuwa da Turanci irin wadda na gani a littafi, na ajiye littafin na fito.

A hanya na yi ta saƙe-saƙe. A littattafan da na karanta, in aka yi wa Bature rasuwa rufe ƙofa yake yi, ya saki labule, ba ya son a gan shi yana kuka. Sannan ban sani ba ko ya halatta a yi wa wanda ba Musulmi ba ta'aziyya, kuma kunya ba za ta bar ni in tsaya gaban Baba in tambaye shi ba. Waɗannan su ne dalilan da na ba kaina. Amma akwai na uku, wanda sai da na tsufa na iya kallonsa. Na hango matan unguwarmu sun cika wannan baranda mai tsabta, da goyo, da salati, da yara masu majina, da hayaniya, sai na ji kunyarsu ta kama ni. Kunyar uwata na ji a gaban Baturiya, alhali Baturiyar ba ta taɓa jin kunyar cin tuwo a kwanon uwata ba.

Ranar Talata mata suka taru da jarirai a ƙarƙashin gwaba. Na fito na ce musu Mai Keke ba ta da lafiya, zazzaɓi ne, ta ce a bar ta ta huta. Kafin in rufe baki Inna ta jawo mayafinta, ta ce a dama kunu a tafi dubiya, baiwar Allah ba ta da kowa a garin nan. Na tare ta. Na ce Turawa ba sa son a taru a kansu in ba su da lafiya, ɓata musu rai yake yi, ni na karanta. Wata maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai ta ce to ai shi ke nan, 'yar boko ta yi magana, mu da ba mu san bihim ba sai mu kama kanmu. Inna ta dube ni, ta ce tunda ke kika san halinsu. Ta ninke mayafin ta mayar kan ƙofa. Har yau ina ganin hannunta yana ninke shi.

Da Mai Keke ta dawo aiki ta rame. Mata suka yi ta ce mata sannu, ya jiki. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, kamar tana jiran wata kalma, sannan ta ce da sauƙi. Aikinta bai canza ba, tana auna jarirai tana wanke gyambo kamar da, amma da ta gama sai ta ɗaure kwandonta ta hau keke. Ta daina tuɓe takalmi, ta daina zama cin tuwo. Inna ta ce wannan zazzaɓi ya tafi da dariyar Mai Keke. Ni kuma na ce wa kaina baƙin cikin rashi ne, zai wuce. Na daina zuwa gidanta, na fake da jarrabawa.

Kafin damina ta ƙare ta zo ta ce ta ba cocinsu amsa, gida za ta koma. Ranar da ta zo sallama mata suka haɗa mata zane da kilishi da tasar goro. Inna ta riƙe hannunta tana kuka, tana tambaya ko wani abu muka yi mata. Ta ce babu komai, ta nemi a yafe mata, aka yafi juna. Ni aka ce in yi mata rakiya. Muka taka tana tura keken har inda motocin albasa ke tsayawa. A nan ta tsaya ta yi mini magana da Turanci, a hankali. Ta ce kar in damu, ba ta riƙe kowa a zuciya ba. Ta zauna a mutuwarmu sai ta ɗauka za a zauna a tata, amma ta gane kowane addini da iyakarsa, ita ce ta yi kuskuren zaton ta shigo ciki. Ta ce abu ɗaya ne ya tsaya mata: da ma Inna ita kaɗai ta zo, ko a bakin ƙofa ne ta tsaya ta juya.

A wannan lokacin na fahimci komai. Gidanmu yana nan bayanmu, ana hango rufinsa. Da na buɗe baki na ce Inna ba ta sani ba, ni ce ban faɗa ba, da ta juya keken nan, kuma na tabbata da Inna ta fito ko takalmi babu. Amma ban buɗe bakin ba. Tsoro nake ji kar ta san ni maƙaryaciya ce, ita da take ganina yarinyar kirki. Na sunkuyar da kai ina kallon tayar keken. Ta dafa kaina ta ce in ci gaba da karatu, ta hau ta tafi. Ƙaryar farko zan iya cewa rashin sani ne. Wannan shirun na biyu ba ni da abin da zan kira shi. Bayan 'yan kwanaki mota ta kai ta Inugu ta hau jirgi.

Mama kuku ce ta fasa maganar. Ta je rumfar Baba, ta ajiye kwandonta, ta ce ba za ta sayi albasa ko ɗaya ba sai ta faɗi abin da ke ranta. Da Ibo da Turancin kasuwa ta wanke shi tas a gaban masu ciniki. Ta ce ashe haka Hausawa suke, mace ta wanke muku gyambo shekara da shekaru, uwarta ta mutu ko kare bai leƙo daga unguwarku ba. Ta ce tun ranar da wayar ta zo Mai Keke ta aike ta aron tabarmi a maƙwabta, aka share baranda, aka cika randa, aka sayo goro. Har butoci ta sa aka sayo aka jera a bakin famfo, ta keɓe gefe guda mai kallon gabas, ta ce matan za su so yin salla in la'asar ta same su a nan. Ta ɗaura ɗankwali ta miƙe ƙafa ta zauna. Mutanen coci suka zo suka yi waƙoƙinsu suka tafi, amma ɓangaren da ta tanadar wa matan Hausawa ba ta bari kowa ya zauna ba. Ƙofa na motsi sai ta ɗaga kai. A rana ta uku da yamma ita da kanta ta naɗe tabarmin.

Ranar Baba ya dawo tun kafin azahar, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a zaure ya sa aka kira ni, ya tambaye ni ko na san mahaifiyar Mai Keke ta rasu. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage ba. Bai doke ni ba, ko murya bai ɗaga ba, kuma da ya doke ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce wane malami ne ya gaya mini an hana ce wa maƙwabci Allah ya ba da haƙuri? Ya ce da na tambaye shi da ya rufe rumfa ya ja maza sun tafi, shi ne a gaba. Ya ce mun dawo garin nan bayan jinin da aka zubar muna lallaɓa zama da mutane, ga wadda ta tako da ƙafarta har tsakar gidanmu, mun bar ta ta yi kukan uwa ita kaɗai.

Inna ma ta ji labarin. Washegari ta yafa mayafi ta bi gida gida tana sanar da mata. Kafin la'asar mata sun fito, da goyo da kwanukan abinci, 'yan dako ma da suka ji suka ajiye buhu suka biyo baya. Ta sa ni a gaba, ta ce ni na san hanya. Sabuwar ma'aikaciyar da ta gaji ɗakin ta fito ta tsaya tana kallonmu, ba ta gane abin da ya kawo mu ba. Mama ce ta gane. Ta shiga maƙwabta ta sake aro tabarmi ta shimfiɗa. Muka zauna. Da yake babu mai karɓar gaisuwa, sai Inna ta juya wajen Mama ta ce ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, Allah ya ba mai rashi dangana a duk inda take. Ta ƙara da cewa ita ma Mama, ya haƙurin 'ya'yanta. Mama ta rufe fuska da zane. Aka yi la'asar a barandar, aka zauna har rana ta yi sanyi. Ni kuwa ina kallon hanya, ina jin kamar zan ga baƙin keken nan ya ɓullo daga kwana.

Baba ya sa na rubuta mata bayanin komai aka ba mutanen cocin su aika. Ba mu taɓa samun amsa ba. An ce an sake tura ta aiki wata ƙasa. Ban sani ba ko saƙon ya same ta, ko kuwa ta rayu har ta koma ga Ubangijinta tana zaton Inna ta ji ta ƙi zuwa. Wannan rashin sanin shi nake ɗauke da shi. Inna ta rasu tana ambatonta, duk sanda ta ga mace a kan keke sai ta bi ta da kallo. Ni ma na yi karatun da ta ce in yi, na koyar, na yi ritaya, na yi jikoki, amma har yau in na ji ƙanshin shayi da rana nakan tuna barandar nan da shirun da muke yi tare, in ji kewa ta taso mini kamar jiya muka rabu.

Abin da na koya shi ne, labarin rasuwa ba naka ba ne da za ka riƙe, amana ce da za ka isar. Kuma ba a yanke wa mutum abin da zuciyarsa ke so daga cikin littafi alhali ga shi a gabanka. Ina kira ga yaranmu masu karatu, musamman masu shiru irina da ake yaba musu kunya: wata kunyar ba tarbiyya ba ce, tsoro ne da girman kai suka sa mayafi. In ba ku sani ba ku tambayi manya. Kada ku ji kunyar iyayenku a gaban baƙo, mai yiwuwa su ne abin da baƙon yake ƙauna. In maƙwabcinku ya yi rashi, ko wane addini yake bi, ko daga wace ƙasa ya zo, ku je. In bai so ba zai sallame ku a bakin ƙofa, ba ku yi asarar komai ba sai 'yar tafiya. In kuwa ya shimfiɗa tabarma yana jira, to ku sani ba kullum ake samun mutum a inda aka bar shi ba. Mu da muka je, mun tarar da tabarma, ba mu tarar da mai ita ba.